Lissafi da Hisabi: Raddi ga Masu Gyara wa Dattawa Baki

Muna neman a yi haƙuri da tsawon abin da za mu faɗa. Mun daɗe muna haɗiye shi, yanzu ya ƙi haɗiyuwa.

A daminar 2024, lokacin da mutanen Sinja da Dindir suka kwararo mana nan Hawata da abin da suka iya ɗauka a ka, lajanar unguwarmu ta zauna a zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami, domin a raba ɗan abin da aka tara na dawa da man riɗi da tabarmi. Wani tsoho da ya haura saba'in, wanda ya sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi yawancin mazauna zauren, ya ce, "To, a yi lissafi tukuna, kada a zalunci kowa." Sai wani ɗanmu mai takardar jami'a ya yi murmushi ya ce, "Baba, hisab ake cewa. Wannan lissafi da littafi da liman da kuke yi, shi ya sa ake ce mana masu rutana. Ko dai a faɗa da Larabci sosai, ko a bari." Aka yi 'yar dariya. Tsohon ya ce, "Na ji, ɗana," ya ja bakinsa ya tsuke, bai ƙara cewa uffan ba har aka shafa fatiha. Alhali kuwa shi ne ya san gidaje biyu da suka sauki zawarawa da marayu, waɗanda kunya ta hana su zuwa a rubuta su. Ba mu ji labarinsu ba sai bayan mako guda, dawa ta riga ta ƙare.

Abin da ya tsaya mana a rai ba dariyar ba ce. Shi ne abin da yaron ya faɗa nan take bayanta, ya buɗe littafinsa ya ce, "Mu koma kan ajanda."

Mu karatun allo da na zaure muka yi, ba mu zauna a ajin Turanci ba. Amma akwai wani tsohon malamin Turanci na sakandare da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, muka kai masa wannan kalma muka ce ya gaya mana asalinta. Ya ce ba Turanci ba ce, Latinanci ce, harshen Romawan dā, wanda yau ba wata uwa da take yi wa ɗanta rarrashi da shi. A can, agenda jam'i ne, ma'anarsa abubuwan da ya wajaba a aikata. Turawan Ingila suka mayar da shi tilo, suka ce takardar jerin batutuwan taro ce, daga baya ma suka ce mugun nufin da mutum ya ɓoye a ciki. Larabcin jaridun Khartum ya karɓe ta a haka, 'ya'yanmu suka karɓa daga gare shi. Wato jam'i ya zama tilo, aiki ya zama takarda, takarda ta zama makirci, kuma ba wanda ya taɓa tashi a taro ya ce wa Bature ya gyara bakinsa.

Da malamin ya ga muna rubutawa, sai ya yi ta zubo mana. Alibi a Latinanci kalma ce guda mai nufin "a wani wuri". Masu shari'a suka ɗauke ta ga hujjar wanda ake tuhuma cewa ba ya nan lokacin da aka yi ɓarna, yau kuwa kowane uzurin ƙarya alibi ne. Veto ma'anarsa "na hana", yanzu suna ne na ikon da ƙasashe biyar suke da shi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da Hausar rediyo ta yi wa suna mafi kyau da nasu: hawa kujerar na-ƙi. Wannan CV da samarinmu suke yawo da ita ƙofa-ƙofa a ofisoshin ƙungiyoyin agaji a Gadarif, curriculum vitae ce, tseren rayuwa ko tafarkinta, ta koma shafi biyu na takarda. Quorum, adadin mutanen da in ba su cika ba taro bai zauna ba, asalinsa "waɗanda daga cikinsu" ne kurum, guntun jimla da aka yanko daga takardun naɗa alƙalan sulhu a Ingila. Placebo, ƙwayar da ba magani a cikinta wadda likitoci suke gwaji da ita, ma'anarsa "zan faranta", kuma da ita ake buɗe wata addu'ar mamata a cocinsu na dā. Daga addu'ar gawa zuwa ƙwayar sukari, ku auna nisan tafiyar.

Wadda ta fi ba mu dariya ita ce bas, motar da muke shiga zuwa Gadarif. Asalinta omnibus, wato "domin kowa", sunan da aka ba keken doki na haya a Faransa, ya shiga Landan a 1829. Turawa suka yar da gangar jikin kalmar, wadda ita ce mai ma'ana, suka riƙe wutsiyar, wadda alamar nahawu ce tsagwaronta. Kamar a ce mutum ya ɗauki muslimuna ya jefar da muslim ya riƙe una, ya ce sunan mota ne. Da Bahaushe ne ya yi wannan aika-aika, da an kafa mana hujja da ita har jikoki. Malamin ya ƙara da cewa yadda Ingilishi suke furta waɗannan kalmomi, da Baromen dā zai tashi daga kabari ya saurara, da ƙyar zai gane harshensa ne. Duk da haka lauyansu yana jefa su a kotu ana ce masa masani, ɗanmu yana jefa su a zaure muna ce masa ɗan boko.

To, me muka yi wa Larabci da ya fi wannan muni?

Mu komo kan lissafi. Gaskiya ne daga al-hisab ta fito. Lam ɗin da ke farkonta ragowar alif da lam ne na Larabci, kamar yadda yake a littafi da liman da lahira da lafiya da lokaci da laifi da labari. Wasalin ƙarshe kuwa ɗabi'ar Hausa ce, ba ta cika son kalma ta tsaya a kan baƙi ba. Wannan ba tuntuɓen harshe ba ne, ƙa'ida ce mai bin hanya ɗaya, kuma abin da yake bin ƙa'ida ba a kiransa kuskure. Mutanen Sifen ma da alif da lam ɗin suka haɗiye sunan sukari da na shinkafa da na mai daga Larabawan Andalus, Turawa kuma suka ɗauki al-kuhl, kwallin da iyayenmu mata suke sa wa ido, suka wuce da shi har ya zama sunan abin da ke sa maye a cikin giya, Larabcin zamani ya sake karɓo shi daga hannunsu da sabuwar ma'anar bai ce komai ba.

Amma ga abin da ɗanmu bai lura da shi ba. Hausa tana da lissafi, tana kuma da hisabi. Lissafi na buhu ne da kuɗi da gona, hisabi na ranar tsayuwa ne gaban Ubangiji. Kalma ɗaya ta Larabci ta shigo mana sau biyu, ta ƙofa biyu: sau ɗaya ta bakin fatake da mutanen kasuwa, ta goge ta yi sumul kamar dutsen rafi, sau ɗaya ta bakin malamai da littafi a buɗe, ta zauna kusa da asalinta. Bahaushe bai yar da ko ɗaya ba, ya ba kowacce aikinta. Da tsohon nan ya ce "a yi hisabi" a kan buhunan dawa, da duk mai jin Hausa ya ɗaga kai, don ya kira abin da ya fi ƙarfin zauren. Haka al'ada da la'ada: uwa ɗaya, amma ɗaya gadon kakanni ce, ɗaya kason dillali. Haka laifi da aibi: wanda ya yi laifi ana hukunta shi, abin da yake da aibi ana rage masa kuɗi. Wanda ya ce mu mayar da kowace biyu ɗaya, ba gyara ya kawo ba, rabin dukiyar gidan yake so mu zubar. Turanci ma yana da irin wannan: asibiti da otal da muka ara daga gare shi, tushensu guda ne a Latinanci, masaukin baƙo.

Kuma ba jiya muka ari waɗannan kalmomi ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da addini a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Shehu Magili ya zauna a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15. Wasu kalmomin ma ba kai tsaye suka zo ba: kasuwa ta biyo ta bakin Barebari daga suƙ, azumi ya biyo ta bakin mutanen Sahara daga saum. Rigar da ta shekara ɗari shida a jikin mutum, ya rage mata hannu, ya yi mata aiki a wuya, ya haifi 'ya'ya a cikinta, ba a ce masa ya mayar da ita yadda take a kanti. Mun yi musu jam'i irin namu, littattafai da limamai da malamai. Mun ƙera aikatau daga cikinsu, karanta da hukunta da halarta. Har mun ɗauki harafin jarra na Larabci mun ɗora a kan kalmarmu, muka ce ala tilas, ala dole. Wanda ya yi wannan mai gida ne a cikin kalmomin, ba baƙon da yake in'ina ba.

Ma'anoni sun motsa, ba mu musa ba, kuma a nan ƙasar ne motsin yake jawo mana dariya, domin muna zaune kafaɗa da kafaɗa da masu harshen. Shagali a wurinmu biki ne da annashuwa, shugul a wurin maƙwabcinmu aiki ne da gumi. Daula a wurinsa hukuma ce, a wurinmu jin daɗi da wadata. Mai riɗi in aka taya masa kaya da arha ya ce "albarka", yana nufin bai sayar ba, kuma ba mu san wata hanya ta ƙin tayi da ta kai wannan ladabi ba. Bismilla a bakinmu ta zama "shigo", "zauna", "sa hannu". Fisabilillahi ta zama kukan wanda aka ƙure. Sha'awa kuwa kowa a nan ya san abin da take jawowa: tsohuwa ta ce yarinyar nan tana ba ta sha'awa, tana nufin hankalinta da natsuwarta, jikanta da ya tashi cikin Larabci ya sunkuyar da kai don shahwa ya ji. Maganin wannan a koya wa jikan Hausa, ba a rufe wa kakar baki ba.

Su kuma waɗanda ake jin kunyar dariyarsu, bari mu leƙa tukunyarsu, cikin girmamawa da zumunci, don mun sha ruwa ɗaya na kogin Rahad. Aish a Larabcin littafi rayuwa ce, a Gadarif dawa ce, a Masar burodi. Kharif a littafi kaka ce, lokacin da ganye ke zuba, a Sudan damina ce. Faƙihi masanin hukunce-hukunce ne, faki a nan mai koyar da yara ne da rubutun sha. Miskin a littafi matalauci ne, a nan mutum ne mai sanyin hali ko da yana da garke. Khalwa kuwa a asali kaɗaita ce domin ibada, a Sudan ta zama makarantar allo mai yara ɗari suna ihu, alhali mu da ake ce wa masu rutana mun riƙe halwa a kan ma'anarta ta farko. Oda da kubri da ajzakhana kuma guzurin mulkin Turkawa ne na 1821 zuwa 1885. Ba mu muka tono wannan ba: Aun as-Sharif Ƙasim, ɗan ƙasar nan, ya tara ƙamus guda na Larabcin Sudan tun 1972, yana bin kalmomi zuwa tushensu, wasu Larabci, wasu Nubanci, wasu Bejanci, wasu Turkanci. Bai rubuta shi don ya kunyata mutanensa ba, alfahari yake da su. Kuma daidai ya yi.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi a wurin wanda ya yi karatun zaure. Malaman farko sun yi saɓani a kan ko akwai kalmomin da asalinsu ba Larabci ba ne a cikin Alƙur'ani. Imamu Shafi'i ya ƙi wannan da ƙarfi, wasu suka tabbatar. Abu Ubaid al-Ƙasim ɗan Sallam, wanda ya rasu a 224 bayan hijira, ya sulhunta su da cewa asalin kalmomin baƙi ne, amma Larabawa sun karɓe su, sun sarrafa su da harsunansu, sun juya su zuwa ga lafazinsu har suka zama Larabci, sannan Littafi ya sauka alhali sun riga sun gauraya da maganarsu. Jawaliƙi ya yi littafi sukutum a kan irin waɗannan kalmomi, al-Mu'arrab. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu har da na Katsina da Agadas, ya ware musu babi a cikin al-Itƙan, ya kawo maganar waɗanda suka ce siraɗi hanya ce a harshen Rum. Masana harsuna na yau suna komar da ita ga strata ta Latinanci, hanyar da aka shimfiɗe da dutse, wadda daga gare ta Turanci ya sami sunan titi. Dinari ma daga denarius yake, kuɗin azurfar Romawa. Sudan ta kashe dinari daga 1992 zuwa 2007, mu kuwa tun da daɗewa muka mayar da shi zinariya. Ashe Latinancin da ɗanmu yake taƙama da shi yana rataye a kunnen kakarsa tun kafin a haife shi.

Hukuncin Abu Ubaid shi ne hukuncinmu. In sarrafawar Larabawa ta mayar da kalmar Rum Larabci, sarrafawar Hausawa ta mayar da kalmar Larabawa Hausa. Ba a auna da mudu biyu a kasuwa ɗaya. Kuma waɗanda suka fi mu sanin Larabci nesa ba kusa ba sun yi aiki da wannan. Gidan Shehu Usmanu gida ne da Abdullahi na Gwandu ya wallafa littattafan nahawu da sarfu da tafsiri a cikinsa da Larabci tsantsa, amma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta juyo ga matan karkara sai ta yi musu waƙa da Hausar da suke ji, da kalmomin yadda suke a bakinsu. Ba ta jahilci asalinsu ba. Ta san wurin da kowane lafazi yake aiki.

Kada a ɗauka mun buɗe ƙofa ga sakaci. Akwai iyaka, kuma a fili take. Karatun Alƙur'ani da lafuzan salla ba namu ba ne da za mu sarrafa. A nan duk wanda ya gyara mana mafitar harafi, ko da jikanmu ne, mu gode masa, kuma mun san da yawa daga cikinmu suna bukatar gyaran. Amma zaure ba mihrabi ba ne, rabon dawa ba tilawa ba ce.

Akwai kuma sauyin ma'anar da ya kamata ya hana mu barci, sai dai ba shi matasanmu suke gyarawa ba. Almajiri daga al-muhajir yake, wanda ya bar gida domin Allah da neman sani. Mu nan mun fi kowa sanin nauyin wannan kalma, domin da yawanmu jikokin masu hijira ne: waɗanda suka biyo gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu tare da ɗansa Muhammadu Bello, da waɗanda suka riga su ko suka biyo bayansu a kan hanyar hajji da ƙafa. Yau a ƙasar Hausa in an ce almajiri, yaro ake gani da kwano a bakin titi. Alhaji ya zama sunan mai kuɗi ko bai san inda miƙati yake ba. Insha Allahu ta zama hanyar cewa a'a ba tare da an faɗa ba. Wallahi ta zama gishirin ciniki. Waɗannan kalmomi lafazinsu bai lalace sosai ba, wasunsu ma daidai muke furta su. Halinmu ne ya ja su ƙasa. Wanda ya iya fitar da ha daga maƙogwaro ya ce in sha Allah alhali ya ƙudurta ba zai zo ba, bai fi tsohon da ya ce lissafi yana tsoron zaluntar marayu ba.

Mun san inda ciwon yaron nan yake, kuma ba mu raina shi ba. Ya tashi yana jin ana kiran harshen uwarsa rutana, ana kiransa Fallati ko Takruri da wata irin murya. Ya ji labarin yadda dokar jinsiyya ta 1957 ta sa aka riƙa tambayar iyayenmu shaidar cewa kakanninsu suna ƙasar nan tun ƙarshen 1897. Sai ya zaci in ya kankare Hausa daga bakinsa, ya kankare ta daga bakin ubansa, za a daina tambaya. Muna tuna masa da Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka kora daga gidajensu, da yawansu Larabci suke yi kamar kowa, wasu ma ba su iya Hausar kirki ba. Ba wanda ya tsaya ya saurari yadda suke furta hisab. Abin da kankarewar take jawowa kurum shi ne abin da muke gani a gidajenmu: kaka ta yi magana da Hausa, jika ya amsa da Larabci, tattaɓa-kunne ya tsaya yana kallonsu. Larabci harshen addininmu ne kuma harshen ƙasarmu, da shi muke rubuta kowace takarda da za ta je mahalliya, kuma muna so 'ya'yanmu su fi kowa iya shi. Ba mu taɓa jin inda aka ce sai an binne ɗaya ɗayan zai rayu ba.

Dattijonmu ya sa mun je gidan tsohon nan har sau biyu kafin ya yarda ya dawo zaure. Ya kuma yanke cewa daga yanzu zaman lajana da Hausa za a buɗe shi, wanda ya ga dama ya yi Larabci a fassara wa wanda bai ji ba, kuma ba mai katse babba don gyaran lafazi sai in aya ya karanta. Ɗanmu mai ajanda shi aka ba rajistar rabo ya riƙe, tunda hannunsa ya fi namu kyau. A saman shafin farko, da bakin dattijo da alƙalamin yaron, an rubuta "Lissafin dawa", gidajen nan biyu kuma su ne na ɗaya da na biyu.